Sunan Ɗan Fari Sau Sittin da Uku

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yammacin wata Alhamis, Hajja Amna ta kifa takardarta a kan cinya, ta cire tabarau, ta ce ba za ta ci gaba da karatu ba. Na riƙe lokacin daidai ne saboda agogon wayata yana gabana, ina auna tsawon fitowa ta farko. Mu tara ne a falon Malam Bitrus a unguwar Zamalek ta Alƙahira, shi ne mai ba da umarni a 'yar ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo. Ranar ce 'yan wasa suka fara zama su karanta fassarar da na shafe shekara ɗaya da rabi ina yi.

Hajja Amna Bahaushiyar Sudan ce, tana sayar da turaren wuta a Hayyin Ashir, kuma ita aka ba matsayin uwa a wasan. Ta dube ni ta ce, "'Yar nan, matar da kika ba ni, ita ta haifi yaron ko riƙonsa aka ba ta?"

Na ce, "Ita ta haife shi, Hajja. Ɗanta ne na fari."

"Ɗan fari. Shafi biyu na karanta, na kira sunansa sau bakwai, gatsal, kamar mai tsayar da direban mikrobas. A ina kika taɓa jin haka?"

Aka yi dariya, ni ban yi ba. Zan dawo kan wannan rana. Sai dai ku ƙannena da kuke zuwa ɗakina kuna cewa in koya muku fassara a hutun wata ɗaya, tunda ai yanzu waya ma tana yi, gara ku fara jin yadda aka yi na iso wannan falo.

Larabci na zo karantawa Alƙahira, daga baya na koma kwalejin harsuna na ɗauki Jamusanci da Ibrananci. Har yau ɗaliba ce ni, digiri na uku ya ƙi ƙarewa. A shekarata ta uku wata malamarmu, Duktura Nadiya, ta ajiye mini wani siririn littafi a kan tebur ta ce in karanta. Haruffan Ibrananci ne, daga dama zuwa hagu, amma da na furta sai na ji rabin kalmomin 'yan uwan Jamusanci ne. Ta ce wannan shi ne Yidish, yaren da Yahudawan gabashin Turai suke yi a gida da kasuwa. Abin bai yi mini baƙo ba. Kakata tana da 'yan takardun ajami da take karantawa, haruffan Larabawa, zancen Hausawa. Na ce wa Duktura haka. Wannan ce jimla mafi tsawo da na taɓa yi mata, domin ni ba mai magana ba ce a aji. Ta ce in zo gidanta ranar Asabar.

Shekara huɗu na yi ina zuwa gidan nan kowace Asabar, daga unguwar Ainu Shams, a metro, jirgin ƙasan cikin gari. Aikin farko da ta ba ni ba fassara ba ce. Kwafa ta sa ni, da hannu, wasa guda cur, don hannuna ya saba da inda marubucin yake tsayawa ya ja numfashi. Na biyu shi ne matakala. Gidanta a hawa na huɗu yake, lif ɗin ya daɗe da mutuwa. In na kawo fassara sai ta mayar da ni ƙasa, ta tsaya a sama, ta ce in hau ina karantawa da ƙarfi. Duk jimlar da numfashina ya ƙare kafin ta ƙare, sai ta yi kira daga sama, "Ya binti, 'yata, wannan ta yi tsawo, ɗan wasa zai mutu a tsakiyarta." Ita Hausa ba ta ji, amma haki tana jin sa. Maƙwabta suna leƙowa, ni kuwa kunya kamar in nutse. Da haka na gane cewa littafi ido ake yi wa fassararsa, wasan kwaikwayo kuwa baki da huhu.

Kayan aikina ba su da yawa. Ƙamus uku, biyu daga ciki na sayo su a wurin masu tsofaffin littattafai, bangonsu ya rabu na ɗinke da zare. Fensir, ba biro ba. Katuna a cikin kwalin takalmi, kowane mutum na cikin wasa da katinsa: shekarunsa, abin da yake tsoro, kalmar da yake yawan maimaitawa, da wanda ya yi mini kama da shi a cikin mutanen da na sani. Sai agogo. In fitowa tana cin minti shida a asali, ta ci tara a Hausa, to na ƙara wani abu da ba a aike ni ba.

Wani wasan barkwanci na Faransa, wanda na fassaro ta Jamusanci, shi ya fara fito da ni gaban jama'a. Iyalan ma'aikatan ofishin jakadancinmu ne suka nema don wani bikinsu. Na fassara kowace kalma daidai, na duba sau uku. Aka yi minti arba'in ba wanda ya yi dariya sai wani yaro, shi ma kujera ce ta karye. Malam Bitrus ya ja ni gefe bayan an tashi, ya ce, "Malama, zancenki duk gaskiya ne, amma kina ajiye abin dariyar a tsakiyar jimla, ki ɗora masa bayani a kai. Ki sa shi a ƙarshe, ki rufe baki." Tun daga ranar nake zama a bayan zaure da fensir ina yin alama a duk inda mutane suka fara duba waya.

Masu kawo aiki iri-iri ne. Akwai matan coci da suke son ɗan gajeren wasa na Kirsimeti, su ne suka fi kowa zuwa gwaji a kan lokaci. Akwai ɗalibai masu cewa shafi ɗaya ne kawai, in ka buɗe ka tarar da goma sha biyu. Akwai wani dattijo da ya hau bene biyar ya kawo mini littafin injin wankin da aka aiko masa daga Jamus. Akwai kuma masu zuwa ba da aiki ba, da tambaya. Wani ustazu ɗan ajinmu na da ya tare ni ya ce me ya kai 'yar Musulmi yaren Yahudawa. Ban iya gardama ba, sai na ba shi kashi na farko na wani wasa da na gama, labarin wani tsoho mai gyaran agogo da 'ya'yansa suke son sayar da shagonsa. Bayan kwana biyu ya aiko mini saƙo: "Sun sayar ko ba su sayar ba?" Ban ƙara jin waccan tambayar daga bakinsa ba.

Wasan da Hajja Amna ta kifa a cinya, Duktura ce ta tsinto shi a cikin tarin tsofaffin littattafai, takardunsa sun yi ja kamar ganyen shayi. Marubucin ba sananne ba ne, ya daɗe da rasuwa. Labarin wata tela ce a wani ƙaramin gari, ɗanta na fari Yankel yana son ƙetare teku ya nemi aiki, ita kuwa ta ɗinke takardun tafiyarsa a cikin shafin rigar sanyinta ta ce sun ɓata. Kashi uku ana nema, tana sanye da rigar. A ƙarshe da hannunta ta farke ɗinkin ta ba shi, ta tsaya a bakin hanya keken doki yana tafiya da shi, ta kira sunansa.

Haƙƙin wasan yana hannun jikar marubucin, wata tsohuwa a Kanada da nake ce wa Madam Rahila. Ta ba da izini ta wasiƙa, da sharaɗi guda. Wata ƙungiya ta taɓa yanke kashi na biyu gaba ɗaya ba ta sani ba, sai daga baya ta ji. Don haka ta ce kada a rage komai, kada a ƙara komai, in ba haka ba ta janye izinin. Na rubuta mata cewa na yi alkawari, na sa hannu. Alkawarin bai yi mini nauyi ba a lokacin, don haka nake aiki dama.

To, uwar nan ta kira sunan Yankel sau sittin da uku a cikin wasan. Na ƙirga da kaina, na tabbatar sittin da ukun nan duk sun shigo Hausa, har ina jin daɗin ban yar da ko ɗaya ba. Ni kaina 'yar fari ce. Mahaifiyata "waccan" take ce mini, ko "'yar nan". Na san wannan tun kafin in san baƙi, amma shekara ɗaya da rabi ina zaune gaban ƙamus bai taɓa faɗo mini ba.

A waccan Alhamis ɗin a falo, na ce wa Hajja ai matar ba Bahaushiya ba ce, kuma matan yanzu da yawa suna kiran 'ya'yansu na fari da suna. Ta ce, "Na yanzu. Wannan sa'ar kakata ce, kin sa mata Hausa a baki, kin ba ta zani a dandamali. Bakina ba zai karye ba in na faɗa. Amma ki zo gidana ranar Litinin ki ji da kunnenki."

Ranar Litinin na tarar da mata biyar a ɗakinta suna tsinke ganyen lalo. Hajja ta karanta musu kashi na farko, ni ina yin muryar Yankel, kaina a ƙasa. Sun saurara sosai, har wata ta daina tsinka. Da aka gama sai babbarsu ta ce, "Allah sarki, maraya. Ita uwar tasa rasuwa ta yi?" Wata ta ce, "Ai daga jin yadda take kwala masa kira kin san ba ita ta yi naƙudarsa ba. Takardun ma don mugunta ta ɓoye." Wasan gaba ɗaya a kan ƙaunar uwa yake tsaye, su kuma sun ji labarin muguwar mariƙiya. Kowace kalma tana wurinta, wasan kuwa ya juye.

Kwana tara na yi ina cire sunan. Kada ku ɗauka gogewa kawai ake yi. Duk inda sunan ya fita sai ya bar rami, kuma kowane rami da irin abin da zai cike shi. Wani wurin "kai" ya isa. Wani wurin "yaron nan", in tana yi wa maƙwabciya ƙorafi. In ta yi fushi, "wancan mai taurin kan". Wuri huɗu ban sa komai ba, na rubuta a gefe cewa ta ajiye masa kwano a gabansa ta juya. Kowace jimla na hau da ita matakalar gidanmu. Sittin da biyu na cire, na bar na ƙarshe, na bakin hanya.

Da Hajja ta karanta sabon a falon Malam Bitrus, awa ɗaya da rabi tana kewaye sunan nan, har ta iso shafin ƙarshe ta buɗe baki ta kira shi. Matar Malam Bitrus ta tashi ta shige kicin, ba ta fito ba sai da muka tafi. Shi kuwa ya buga cinya ya ce, "Khalas, shi ke nan, wannan za mu yi."

Na ce ba za mu yi ba sai na tambayi mai shi.

"Malama, tsohuwar nan tana Kanada. Hausa ba ta ji. Wa zai gaya mata?"

Na ce, "Ni."

Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Ya ce zauren da muka nema sai mun tabbatar musu kafin ƙarshen wata, in ya wuce sai bayan jarrabawa, lokacin kuwa ɗaliban da ke wasan duk sun tafi gida, biyu ma sun gama ba za su dawo ba. Na ce na sani. Ya ce to a koma tsohuwar fassarar. Hajja ta ce, "Ni dai ba zan hau dandamali in mayar da baiwar Allah nan muguwa ba. Ku nemi wata." Aka tsaya a nan. Sabuwar ba izini, tsohuwar ba uwa.

Wannan ita ce shekarar da ta fi kowace tsanani a aikina, ba don wasan kaɗai ba. Wata biyu kafin nan Duktura ta samu shanyewar ɓarin jiki. Da a ce lafiyarta ƙalau, da Asabar ɗaya ta isa ta raba gardamar. Na je na zauna gefen gadonta na yi mata bayani tun daga farko. Ta saurara, idonta a kaina, ta yi ta ƙoƙarin haɗa magana, abin da ya fito kawai shi ne "ma'alish", wato a yi haƙuri. Na gyara mata matashi na fito. Ranar na san koyo ya ƙare, ba sauran mai tsayawa a saman matakala.

Wasiƙar ta ci mini kwana huɗu. Da Yidish na rubuta, shafi uku. Na yi bayanin kunyar ɗan fari yadda zan iya: cewa ba ƙi ba ne, cewa uwa tana kauce wa sunan ne kamar yadda ake kauce wa taɓa wurin da ya fi ciwo. Na ba ta labarin matan nan biyar da ganyen lalonsu. Na jera wurare sittin da biyun, kowanne da lambar shafi da abin da na sa a madadinsa. A ƙarshe na ce na karya sharaɗinta a takarda amma ban karya shi a dandamali ba, kuma in ta ce a'a, ba za a yi wasan ba. Na aika da safe.

Mako ɗaya shiru. Mako biyu shiru. Malam Bitrus ya daina amsa gaisuwata a waya, sai matarsa ce take amsawa. 'Yan wasa suna tambaya ko su ci gaba da hadda, ina ce musu su jira. Hajja kaɗai take kirana, ita ma tsiya take yi mini: "Ya ya, 'yar alkawari, kakar taki ta farka?" Na ci gaba da aikin da ke gabana, wani wasan Jamus mai mutum uku, ina fassara shafi biyu kullum, don hannu in ya tsaya yana wuyar tashi. Wannan ma ku riƙe shi. Rabin sana'ar nan jira ne, jiran izini, jiran zaure, jiran ɗan wasan da ya ce yana hanya.

Rana ta ashirin da uku, saura kwana biyu wata ya ƙare, bayan la'asar ina cikin taragon mata a metro, wayata ta yi ƙara da lambar waje. Na sauka a tashar da ba tawa ba, na tsaya jikin ginshiƙi na toshe kunne ɗaya. Muryar tsohuwa ce, a shaƙe, tana magana da Yidish. Shekara goma sha ɗaya ina karanta yaren nan, ban taɓa magana da wanda ya sha shi a nono ba. Gaisuwar ma sai da na yi ta sau biyu.

Ta ce ta yi jinya ne, jiya aka karanta mata wasiƙar, ta sa aka maimaita. Ta ce Yidish ɗina irin na littafi ne, kamar tana magana da wani malami da ya mutu shekara ɗari. Na ce haka ne. Sai ta ce, "Ke ta nawa ce a wurin mahaifiyarki?"

Na ce ta fari.

"Me take ce miki?"

Na fassara mata "waccan". Ta yi dariya har da tari.

"Ba ta taɓa kiran sunanki ba?"

Na ce ban taɓa ji ba.

Jirgi ya shigo ya fita, ban ji abin da ta ce ba, na roƙe ta ta maimaita. Na ce mata ina bukatar amsa a yau, e ko a'a, saboda zaure. Ta ce in yi haƙuri, tsofaffi ba sa amsa a taƙaice.

Ta ce, "Kakana mai wasan nan ya zo duniya bayan uwarsa ta binne jarirai uku. Tsoro ya kama ta. Tun yana zanin goyo take ce masa Tsoho, wai in mutuwa ta zo neman yaro ta ji ana kiran tsoho sai ta wuce. Har ya yi gemu, har ta rasu, bai ji sunansa a bakinta ba. Shi ya sa ya cika wasan da uwa mai kiran sunan ɗanta. Mu jikokinsa mun sha yi masa tsiya cewa ya yi yawa, yana cewa bai isa ba. Ni kuwa na daɗe da sanin sau ɗaya yake nema. Ki cire sauran, 'yata. Ki bar na bakin hanya, ki ce wa matar ta kira shi da ƙarfi."